Bayanin Muhimman Kalmomin Kiran Waya ta Intanet da Haɗin Kwamfutoci ga Al'ummar Jega, Aliero da Maiyama

Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, da wuya a yau a shiga gida ko rumfar kasuwa ba a tarar da wayar hannu ba. Dillalin albasa a Aliero yana daidaita farashi da abokin cinikinsa na Legas ta WhatsApp tun kafin a yi wa mota lodi. Uwa a Mungadi tana ganin fuskar ɗanta da ke karatu a Sakkwato ta kiran bidiyo, ma'aikacin lafiya a Jega kuma yana aika rahoton wata ta kwamfuta ba tare da ya hau mota zuwa Birnin Kebbi ba. Sai dai duk ranar da abin ya ƙi, magana ɗaya ce a bakin kowa, wato "babu sabis".

Wannan magana ta haɗa matsaloli iri daban-daban, kuma kowace da maganinta da kuma wanda ya kamata a kai wa kuka. Akwai wanda kan canja waya alhali turken sadarwar garinsu ne ya rasa wuta. Akwai ofishin da kan biya kuɗin intanet na shekara guda ba tare da an fahimci abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya ba. Akwai kuma wanda kan miƙa wa ɗan damfara lambar sirrinsa da hannunsa domin bai san mene ne ita ba. An shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara da hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san sunan kowane sashe na hanyar da muryarsu ke bi, saboda wanda ya san sunan ciwo ya fi saurin samun magani.

Daga tarho zuwa wayar hannu

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta 1991, wayar tarho ta kamfanin NITEL ce kawai ake da ita, kuma a manyan ofisoshi da gidajen 'yan ƙalilan take. Har zuwa shekarar 2000 layukan tarho masu aiki a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula ta GSM, inda kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara. Globacom ya biyo baya a 2003 da tsarin cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa. Daga baya ne intanet ta shigo cikin wayar hannu, har kira ta intanet ya zama ruwan dare. Kalmomin da ke tafe su ne suke bayyana yadda hakan ke aiki.

Hanyar sadarwa, intanet da yanar gizo

Hanyar sadarwa, wadda jama'a ke kira netwok, ita ce haɗa na'urori biyu ko fiye domin su yi musayar saƙo, ko ta waya mai igiya ko ta iska. Idan na'urorin suna wuri ɗaya ne, kamar kwamfutocin sakatariyar ƙaramar hukuma da na'urar buga takardu, ana kiran haɗin da suna LAN, wato hanyar sadarwa ta cikin gida. Idan kuwa haɗin ya ratsa garuruwa, kamar yadda reshen banki a Jega yake haɗe da hedikwatarsa, sunansa WAN, wato hanyar sadarwa mai nisan zango.

Intanet ita ce haɗakar irin waɗannan hanyoyi na duniya baki ɗaya. Asalinta wani gwaji ne da aka fara a Amurka a 1969 mai suna ARPANET. Babu wani kamfani ko gwamnati guda da ta mallake ta, kamar yadda babu mutum guda da ya mallaki dukkan hanyoyin mota. Yanar gizo kuwa, wato shafukan da ake buɗewa ana karantawa, ɗaya ce daga cikin hidimomin da ke bin intanet, kuma Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro ta a 1989. Imel da kiran WhatsApp da aika kuɗi ta manhajar banki duk wasu hidimomi ne da ke bin wannan hanya ɗaya.

Data da ma'auninta

Duk abin da ya bi ta intanet, rubutu ne ko hoto ko murya, sai an mayar da shi lambobi, sifili da ɗaya. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan lambobi sunanta bit. Bit 8 su ne bait guda. Bait kimanin dubu shi ne kilobait, kilobait kimanin dubu shi ne megabait da ake rubutawa MB, megabait kimanin dubu kuma shi ne gigabait, wato GB, wanda matasa ke ce wa giga. Saboda haka mai sayen data yana sayen adadin kayan da zai iya aikawa ko karɓa ne, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Rubutu ba ya cin data sosai, murya ta fi shi ci, bidiyo kuma ya fi su duka nesa ba kusa ba.

Ƙunshi da ƙa'idar IP

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Na'ura kan yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti ko ƙunshi. Misalin wannan shi ne ɗan kasuwar Aliero da zai aika buhun albasa ɗari zuwa Legas, amma bai ɗauki hayar tirela guda ba. Sai ya rubuta sunan mai karɓa da lamba a kan kowane buhu, daga 1 zuwa 100, ya rarraba su a duk motar da ke da fili. Wasu buhunan za su riga wasu isa, amma mai karɓa zai jera su bisa lambobinsu, ya kuma gane idan ɗaya ya ɓace.

Dokar da ke tsara yadda ake rubuta adireshi a kan kowane ƙunshi ita ce ake kira IP, wato ƙa'idar intanet. Abokiyar aikinta mai suna TCP ita ce ke ƙirga ƙunshin a wurin sauka, ta kuma nemi a sake aiko wanda ya ɓace. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka tsara tushen waɗannan ƙa'idoji a 1974, aka kuma fara aiki da su gadan-gadan a ranar 1 ga Janairu 1983. Su ne dalilin da ya sa wayar da aka ƙera a Sin take fahimtar kwamfutar da ke Faransa.

Adireshin IP da sunan shafi

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana samun lamba ta musamman da ake kira adireshin IP. A tsohon tsari mai suna IPv4 lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.1.1, wadda akan samu a jikin na'urorin ofis. Wannan tsari yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kawai, kuma sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa aka fito da sabon tsari mai suna IPv6.

Da yake haddace lambobi yana da wuya, sai aka samar da tsarin DNS, wanda yake aiki kamar jerin sunayen da ke cikin waya: mutum ya rubuta sunan shafi, tsarin ya nemo masa lambarsa. Ƙarshen sunan shafi yana nuna mai shi. Alamar Nijeriya ita ce .ng, shafukan gwamnati suna ƙarewa da .gov.ng, na manyan makarantu kuma da .edu.ng. Duk shafin da ya yi iƙirarin ɗaukar ma'aikatan gwamnati ko rabon tallafin taki amma sunansa bai ƙare da .gov.ng ba, ya kamata a bincika a ofishin da abin ya shafa kafin a rubuta masa komai.

Kira ta intanet, wato VoIP

A kiran waya na yau da kullum, kamfani kan keɓe wa masu magana biyu hanya tasu tun daga ɗaga waya har zuwa kashewa, ya kuma cire kuɗi daga katin da aka sa gwargwadon daƙiƙoƙin da aka yi. A kira ta intanet, wanda ake taƙaitawa da VoIP, ba a keɓe wa kowa hanya. Waya kan mayar da murya lambobi, ta yayyanka ta ƙunshi-ƙunshi, ta zuba su cikin hanyar da sauran saƙonni ke bi. A tsare-tsare da dama kowane ƙunshi yana ɗauke da muryar kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, wato ƙunshi 50 ke fita a kowace daƙiƙa. Wayar mai saurare ita ce ke sake jera su ta mayar da su sauti.

Wani kamfanin Isra'ila mai suna VocalTec ne ya fitar da manhajar farko ta irin wannan kira ga kasuwa a 1995. Skype ta zo a 2003 ta yi tashe na tsawon shekaru, kafin kamfanin Microsoft ya rufe ta a watan Mayun 2025. WhatsApp ta fara kiran murya a 2015, kiran bidiyo kuma a 2016.

Akwai abubuwa uku da ya dace a fahimta game da wannan kira. Na farko, ba kyauta ba ne, domin mai kira da mai amsawa dukkansu datarsu ke tafiya. Na biyu, nisa ba ya ƙara masa kuɗi: kiran Accra ko Yamai daga Maiyama daidai yake da kiran Andarai, wanda shi ne babban amfaninsa ga 'yan kasuwa da masu 'yan'uwa a ƙetare. Na uku, kiran WhatsApp ba ya shiga lambar gaggawa ta ƙasa, wato 112. Idan gobara ko haɗari ya auku, kira na yau da kullum ake yi.

Kodek

Kodek shi ne tsarin da ke mayar da murya lambobi ya kuma matse ta domin ta rage nauyi. Tsohon kodek na kamfanonin tarho mai suna G.711 yana auna murya sau 8,000 a daƙiƙa, kowane awo bit 8, wanda ya ba da bit 64,000 a daƙiƙa, kimanin rabin megabait ke nan a minti guda ta ɓangare ɗaya. Sababbin kodek irin su Opus suna matse murya ƙasa da haka, suna kuma rage nauyinta da kansu idan hanya ta yi cunkoso. Wannan ne ya sa murya kan canja ta zama kamar daga cikin randa a tsakiyar kira. Kiran murya bai cika wuce megabait ɗaya a minti ba, na bidiyo kuwa yana ninka haka sau da yawa. Idan sabis ya yi rauni, kashe bidiyo a bar murya kaɗai yakan gyara kira.

Na'urorin cikin ofis

Modem ita ce na'urar da ke haɗa gida ko ofis da kamfanin da ke sayar da intanet, ko ta sim, ko ta igiya, ko ta faranti. Rauta kuwa ita ce mai raba hanya: tana duba adireshin kowane ƙunshi ta tura shi inda ya dace, kamar mahaɗar Jega inda hanya ta rabu zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi da kuma Yawuri. Idan wata hanya ta toshe, manyan rautocin kamfanoni kan karkatar da ƙunshi ta wata, kamar yadda direbobi ke zagayawa idan gada ta karye. Ƙaramin akwatin da ake sa wa sim a ofisoshi yawanci modem ce da rauta a haɗe.

Suwic akwati ne mai ramuka da yawa da ake soka igiyoyin kwamfutoci domin a haɗa su a cikin gini ɗaya. Saba kuma babbar kwamfuta ce da ke ajiye bayanai tana ba wa sauran na'urori idan sun nema. Idan ma'aikacin banki ko mai POS ya ce saba ta sauka, yana nufin matsalar tana can wurin wannan kwamfuta, ko da sabis ɗin gari yana da ƙarfi.

Wi-Fi hanya ce ta haɗa waya ko kwamfuta da rauta ta iska, a tazarar da ba ta wuce 'yan mitoci goma-goma ba, kuma bango mai kauri yana rage mata ƙarfi. Wi-Fi ba ita ce intanet ba. Alamarta na iya cika a kan waya alhali datar da ke cikin rauta ta ƙare, kamar famfon da bututunsa ke lafiya amma tanki babu ruwa.

Turken sadarwa da matakan G

Dogon ƙarfen da ake gani a bakin gari, wanda wasu ke kira eriya ko ƙarfen sabis, shi ne turken sadarwa. Da shi waya ke magana ta iska. Da yawa daga cikin turakun ƙasar nan na kamfanoni ne irin su IHS da ATC, waɗanda ke ba kamfanonin waya haya, shi ya sa lalacewar turke ɗaya kan iya kashe layuka fiye da ɗaya a lokaci guda. Turke yana aiki ne da janareta da batura, wasu kuma da hasken rana. Sandunan da ke saman fuskar waya suna nuna ƙarfin haɗinta da turke ne kawai, ba sa nuna lafiyar hanyar da ke bayan turken.

Harafin G yana nufin zamanin fasaha. Matakin 2G ya isa kira da saƙon tes, amma intanet ɗinsa tana da rauni ƙwarai, kuma idan waya ta nuna harafin E a sama, a kansa take. Matakin 3G yana ɗaukar kiran murya ta intanet. Matakin 4G ko LTE shi ne ya fi dacewa da kiran bidiyo da aikin ofis. An yi gwanjon lasisin 5G a Nijeriya a watan Disambar 2021, aka fara aiki da shi a manyan birane a 2022. Wayar da aka ƙera don 4G ba za ta ba da saurin 4G ba sai turken yankin yana da shi kuma sim ɗin ma ya dace.

Akwai kuma USSD, wato lambobin da ke farawa da alamar tauraro su ƙare da alamar tsani, waɗanda ake duba kuɗi ko aika kuɗi da su. Ba sa buƙatar data, suna kuma aiki a ƙaramar waya a kan 2G. Tun 2023 NCC ta daidaita wasu daga cikinsu a dukkan layuka: *310# don duba kuɗin kira, *311 don sa kati, *312# don sayen data, *323# don duba sauran data.

Faiba, kebul na teku da tauraron ɗan'adam

Daga turke, ƙunshi kan bi faiba, wato zaren gilashi siriri kamar gashi wanda ke ɗaukar saƙo da haske, ana kuma binne shi a gefen manyan hanyoyi. Inda faiba bai kai ba, turke kan miƙa wa turke ta faranti mai kama da ganga da ake gani a jikinsa. Saƙon da zai fita ƙasar waje yakan gangara bakin teku ya shiga kebul ɗin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa. Daga cikin waɗanda suka sauka a Legas akwai SAT-3, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na 2022.

A ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin waɗannan kebul suka lalace a tekun da ke kusa da ƙasar Kwaddebuwa, sai intanet da ayyukan wasu bankuna suka yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta na tsawon kwanaki. Mutumin da ke Kimba ko Sabiyal a wannan rana yana iya ganin sandunan wayarsa a cike amma kuɗi ya ƙi tafiya, alhali ɓarnar tana can nesa da shi a ƙarƙashin teku.

Hanya ta uku ita ce tauraron ɗan'adam. Tsofaffin faranti na VSAT suna magana da tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, irin NigComSat-1R da Nijeriya ta harba a Disambar 2011. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, yana amfani da taurari masu nisan kilomita kimanin 550. Wannan hanya tana da amfani ga asibiti ko makarantar da ke nesa da turke, amma tana buƙatar wutar da ba ta yankewa da kuma kuɗin wata-wata.

Faɗin hanya, jinkiri da ɓatan ƙunshi

Faɗin hanya shi ne yawan bit ɗin da hanya ke iya ɗauka a daƙiƙa guda, ana rubuta shi Mbps. A nan ake yawan ruɗewa: Mbps na ƙirga bit ne, MB kuma bait, don haka hanyar 8 Mbps megabait ɗaya kacal take saukewa a daƙiƙa. Duk masu amfani da turke ɗaya suna raba faɗinsa ne a tsakaninsu, shi ya sa sabis kan yi nauyi ranar kasuwa da bayan sallar isha'i, ya kuma yi sauri da asuba.

Jinkiri shi ne lokacin da ƙunshi ke ɗauka kafin ya isa, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce 150 a tafiya ɗaya idan ana son zance ya gudana ba tare da tangarɗa ba. Idan ya zarce haka da yawa, masu magana kan riƙa cin karo da juna, kowa yana tsammanin ɗan'uwansa ya yi shiru. Ɓatan ƙunshi kuwa shi ne ke sa murya ta riƙa yankewa. Idan takarda ake aikawa, na'ura za ta jira a sake aiko abin da ya ɓace, amma murya ba ta jira, sai a ji giɓi a tsakiyar kalma.

Kalmomin tsaro

Rufin asiri na ƙarshe zuwa ƙarshe yana nufin an kulle saƙo ta yadda wayar mai aikawa da ta mai karɓa ne kawai ke iya buɗe shi. WhatsApp ta sa wannan tsari a dukkan saƙonni da kira tun Afrilun 2016. Yana kare saƙo a kan hanya, amma ba ya tabbatar da gaskiyar mai magana. Ta hanyar VoIP ana iya sa wata lamba dabam ta bayyana a fuskar waya, kuma kowa na iya ɗora hoton wani babban mutum ko tambarin banki a kan lambarsa.

OTP lamba ce ta sirri da banki ko manhaja ke aikowa ta tes, wadda ake amfani da ita sau ɗaya. Wadda WhatsApp ke aikowa lambobi shida ce, kuma duk wanda ya same ta zai iya ƙwace asusun mutum ya shiga roƙon kuɗi da sunansa. Babu banki ko kamfanin waya ko ofishin gwamnati da ke neman OTP ko lambar sirrin katin banki ta waya. Haka nan tun da aka ba da umarnin haɗa sim da lambar ɗan ƙasa ta NIN a Disambar 2020, duk laifin da aka aikata da sim, mai rajistar za a fara nema. Saboda haka kada a yi wa baƙo rajistar layi da sunanka, kuma idan waya ta ɓace a sanar da kamfani da banki nan take.

Yadda za a gano inda matsala take

Idan kira ta intanet ya ƙi, a fara duba sauran data da *323#. Daga nan a duba harafin da ke saman waya: idan E ne, a matsa wuri mai sarari ko a koma kira na yau da kullum. Idan babu sanda ko ɗaya kuma maƙwabta masu layi iri ɗaya su ma haka, matsalar ta turke ce. Idan sanduna a cike suke amma babu shafin da ke buɗewa a layuka daban-daban, mai yiwuwa faiba ce ta yanke. Idan kuwa komai na buɗewa sai manhajar banki guda, matsalar daga sabar bankin take, kuma sake tura kuɗi sau biyu ko uku na iya jawo a cire su fiye da sau ɗaya.

Ƙorafi ana fara kai shi ne ga kamfanin layi ta lamba 300, a karɓi lambar ƙorafin a ajiye. Idan ba a magance ba, sai a kira NCC kyauta ta lamba 622. Mai son dakatar da saƙonnin talla zai aika kalmar STOP zuwa 2442.

Kira ga shugabanni da ma'aikata

Ofishin da zai sayi intanet ya tabbatar an rubuta waɗannan a takardar yarjejeniya: faɗin hanya a Mbps na saukewa da na aikawa, ko hanyar tasa ce shi kaɗai ko ta tarayya ce, ko akwai iyakar GB a wata, da kuma wanda zai gyara idan ta lalace da tsawon lokacin gyaran. A kuma tanadi wuta, domin rauta ba ta aiki babu lantarki. Kalmar sirrin Wi-Fi ta ofis a riƙa canja ta, kuma bayanan jama'a da ke cikin kwamfutocin hukuma amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta tsarewa.

Garin da ba shi da sabis yana iya rubuta koke ta hannun ƙaramar hukuma zuwa NCC, wadda ke da asusun USPF da Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa domin yankunan da sadarwa ba ta kai ba. Koken da ya ambaci sunan gari da gunduma, da yawan jama'a, da nisan turke mafi kusa, da layin da ke kamawa da matakin G ɗinsa, ya fi wanda aka rubuta "ba mu da sabis" kawai nauyi a gaban injiniya.

Haka kuma tsaron turaku da faiba haƙƙi ne a kan kowa. Jama'ar Zamfara sun ɗanɗana rayuwa babu sadarwa lokacin da aka rufe layuka a jihar saboda dalilan tsaro a watan Satumbar 2021, har mutane suka riƙa tafiya garuruwan jihohin maƙwabta domin su yi waya ko su karɓi kuɗi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Satar batura ko man turke, ko tsinka faiba wajen haƙa magudanar ruwa da aikin hanya, yana yanke ɗalibin da ke rajistar jarrabawar JAMB da mai jinya da ke neman mota da ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin kayansa. Ana roƙon iyayen ƙasa da 'yan kwangila su sanar da kamfanonin da abin ya shafa kafin a yi haƙa a gefen babbar hanya, a kuma kai rahoton duk wani motsi da ba a yarda da shi ba a kusa da turke.

Kammalawa

Waɗannan su ne kalmomin da aka fi cin karo da su a kan waya da takardun kamfanoni. Ana kira ga malaman makarantu da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da sauran masu ilmin zamani da su karanta wa iyayensu da maƙwabtansu wannan bayani, musamman sashen da ya shafi OTP da lambar gaggawa. Haka nan jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomin uku su isar da shi a tarukan hakimai da dagatai. Allah Ya ba mu ikon amfani da wannan ni'ima ta hanyar da ta dace, Ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.